KARFASA: KIFI MAI GINA CIKIN RAIRAI, MAI RENO CIKIN BAKI

Sabon Maci ba garin masunta ba ne. Ƙasar tudu ce, ƙasar gero da wake da dabbobi. Gulbin Kaba da ya ratsa yankin, kwari ne na goruba da rairai, ba ruwa mai gudu ba. Ruwan da ke kwanciya cikin tabkuna da damina, yawancinsa ba ya kai bazara. Saboda haka kifin da ake gani a kasuwa baƙo ne. Ko busasshe, ko soyayye, daga nesa aka ɗauko shi, kuɗin mota na bisa kansa. Gidaje da yawa sai su yi wata da watanni kifi bai shiga tukunya ba. Alhali kifi abinci ne mai gina jiki, musamman ga yara da mata masu ciki da masu goyo.

To, akwai wani kifi wanda ba dole sai da gulbi ba. Sunansa karfasa, waɗansu na ce mata gargaza. Tana zama cikin ɗan ruwa kaɗan. Tana cin dusa da ganye. Tana haihuwa da kanta, ba allura, ba magani. Amma tana da sharaɗi: sai an san halinta. Wanda ya san halinta zai ci riba. Wanda bai sani ba zai yi hasarar ruwa da dusa da wahala.

BABBAN DANGI

Karfasa ba ita kaɗai ba ce. Tana cikin wani babban dangin kifi wanda masana ke kira siklid. An ƙidaya iri fiye da 1500 cikin dangin nan. Mafi yawansu a Afirka suke, cikin manyan tabkuna uku na gabas.

Na ɗaya shi ne tabkin Tanganyika. Ƙasashe huɗu suka kewaye shi: Tanzaniya, Kwango, Burundi da Zambiya. Tsawonsa wajen kilometir 670 ne, kamar daga Maraɗi zuwa Yamai. Zurfinsa ya kai metir 1470. A duniya duka tabki ɗaya ne kawai ya fi shi zurfi, shi ne Baikal na ƙasar Rasha. Cikinsa akwai dangin karfasa kimanin iri 250.

Na biyu shi ne tabkin Malawi, tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya. Cikinsa akwai iri fiye da 700. Babu tabkin da ya kai shi yawan irin kifi.

Na uku shi ne tabkin Biktoriya, tsakanin Yuganda da Kenya da Tanzaniya. Za a ji labarinsa a gaba, don akwai darasi cikinsa.

A tabkunan nan kowane iri da unguwarsa. Waɗansu cikin duwatsu suke zaune. Waɗansu tsakiyar ruwa. Waɗansu kuwa a ƙasa, bisa farin rairai. Waɗannan na rairai su ne suka fi kama da karfasar gida wajen hali.

MASU ZAMAN RAIRAI

A tabkin Tanganyika akwai wani ɗan siririn kifi, tsawonsa wajen santimetir 15, bai kai taƙi ɗaya ba. Masana na kiransa Enantiopus. Launinsa kamar na rairai ne, don kada tsuntsu ko babban kifi ya gan shi. Garke-garke suke yawo, kamar tumaki.

Ga yadda yake cin abinci. Sai ya cika bakinsa da rairai. Ya rairaye shi kamar mai tankaɗe. Rairan ya fita ta ƙofofin numfashi da ke gefen kansa, ƙananan tsutsotsi su tsaya, ya haɗiye. Haka yake yi tun safe har maraice.

In lokacin aure ya zo, sai mazan su taru wuri ɗaya. Kowane namiji ya share nasa fili, ya yi ɗan rami mai faɗi kamar faifai. Rami kusa da rami, kamar rumfunan kasuwa. Sai launin namiji ya sake, ya yi sheƙi, shuɗi da rawaya, haɓarsa ta yi baƙi. Matan su zo suna zagayawa suna dubawa. Wadda ta ga wanda ya yi mata, sai ta shiga raminsa ta zuba ƙwai kaɗan. Namiji ya zuba ruwansa bisa ƙwan. Nan take sai mace ta kwashe ƙwan da bakinta. Ba haɗiyewa take yi ba, ajiya ce. Cikin bakin ƙwan ke ƙyanƙyashewa. Wajen mako 3 tana riƙe da su kafin ta sake su.

Akwai waɗansu ƴan'uwansa, ana ce musu Xenotilapia. A cikinsu akwai irin da ke raba aikin reno. Mace ta riƙe kwanaki, sa'an nan ta juye wa namiji cikin bakinsa, shi kuma ya ƙarasa.

A tabkin Malawi kuwa akwai maza waɗanda ba rami suke yi ba, tudu suke ginawa. Baki ɗaya, baki ɗaya, namiji ke ɗauko rairai har ya tara tsibi kamar ƙaramin suri. Akan sami dubbai a jere. Akwai kuma wani iri wanda in ya ga koma tafe, sai ya nutse cikin rairai ya ɓace, koma ta wuce ta bisansa.

KIWO CIKIN AKWATIN GILASHI

Mutanen Turai da Amurka da Japan na son kifayen nan ƙwarai, ba don ci ba, don kallo. Suna ajiye su cikin ɗaki, cikin akwatin gilashi cike da ruwa. A 1971 wani mutumin Beljiyam, Pierre Brichard, ya buɗe wurin kama kifayen Tanganyika a Burundi, yana aikawa da su Turai da rai cikin jirgin sama. Daga baya masu kiwo suka iya sa su haihuwa cikin akwati.

Ba da sauƙi suka iya ba. Kifi da yawa sun mutu kafin a gane sirrin. Sirrin kuwa ɗaya ne: a mayar da akwati ya yi kama da gidan kifi na asali. Ga abin da suka koya:

1. Rairai mai laushi. In aka sa tsakuwa mai kaifi, tana yanke bakin kifi, kuma ba ya iya gina.

2. Faɗi ya fi zurfi amfani. Kifin rairai a ƙasa yake zama. Akwati mai tsawon santimetir 120 zuwa 150 ake ba shi, kada a cika shi da duwatsu.

3. Garke, ba ɗaya ba. Kifi 8 ko 10, mata su fi maza yawa. In mace ɗaya ce, namiji zai dame ta har ta galabaita.

4. Ruwa mai tsabta, mai ɗumi. Ruwan Tanganyika bai cika sauka ƙasa da digiri 24 ba, bai cika wuce 27 ba. Yana da ɗan kanwa-kanwa. Kowane mako ana sake wani kashi na ruwan akwati.

5. Murfi da natsuwa. Kifin rairai matsoraci ne. In ya firgita yakan yi tsalle ya faɗo waje. Mace mai reno kuwa, in an tsorata ta, takan tofar da ƙwan ko ta haɗiye su.

Ba a ce mutumin Sabon Maci ya nemo kifin Tanganyika ba. Yana da tsada, yana bukatar lantarki dare da rana, kuma ba ya cika tukunya. Amma dokokin nan biyar suna aiki ga karfasa, ita kuwa tana kusa.

KARFASAR GIDA

Karfasa na cikin kogin Isa, wato Kwara. Tana cikin tabkin Cadi. Tana cikin tabkin Madarunfa, kudu da Maraɗi, inda masunta ke kama ta.

Iri-iri ce. Wadda ta fi kyau ga kiwo ita ce karfasar Nilu. Alamarta na ga wutsiya: akwai zane-zane baƙaƙe a tsaye, daga sama zuwa ƙasa. Akwai wata mai jan ciki. Ita wannan ba ta reno a baki, bisa ƙasa take liƙa ƙwanta, uwa da uba su yi gadi. Ba ta girma kamar ta Nilu. Mai sayen iri ya duba wutsiya da kyau.

Karfasar Nilu tsohuwar abokiyar mutum ce. Mutanen Masar na dā sun zana ta jikin bangon kaburburansu tun shekaru dubbai da suka wuce. A 1965 yariman Japan, Akihito, ya ba Sarkin Tailan kyautar karfasa 50. Aka kiwata su, aka raba wa manoma, har ta zama kifin kowa a ƙasar. A Nijar ma, a 1981 gwamnati ta fara aikin kiwon karfasa cikin kejin raga masu iyo bisa kogin Isa, wajen Tilaberi, ana samar da ɗiyan kifi a tashar Sona.

Tana iya yin shekara 10 da rai. Tana iya wuce kilo 5 in ta sami fili da abinci. Cikin kiwo kuwa, tun tana wata 5 ko 6 take fara haihuwa.

YADDA TAKE HAIHUWA

In ruwa ya yi ɗumi, ya kai digiri 24, sai namiji ya zaɓi wuri mara zurfi. Kansa da fiffikensa su yi ja-ja. Ya riƙa ɗebe rairai da baki yana zubarwa gefe, har ya yi rami zagayayye kamar ƙwarya. Duk namijin da ya matso, sai faɗa.

Mace ta zo ta zuba ƙwai cikin ramin. Namiji ya zuba ruwansa. Mace ta kwashe da baki ta yi tafiyarta. Shi kuwa ya gyara raminsa, ya jira wata.

Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kwana 3 zuwa 5. Amma uwa ba ta sakinsu nan da nan. Tana riƙe da su har mako 1 ko 2. Duk kwanakin nan kusan ba ta cin kome. Ana gane ta da kumburin maƙogwaro, da yadda take motsa baki kamar mai tauna. Juya ƙwan take yi don su sami iska.

Ranar da ta sake su, sai a ga ɗiyan sun fito kamar hayaƙi, suna kewaye da kanta. In inuwar tsuntsu ta gitta, sai ta buɗe baki, su ruga ciki. Haka za su yi kwanaki kaɗan, sa'an nan kowa ya kama gabansa.

Ƙaramar mace mai nauyin giram 100 na yin ƙwai kamar 100. Babba mai kusan kilo 1 na yin 1000 zuwa 1500. Bayan wata ɗaya ko ɗaya da rabi sai ta sake. A riƙe wannan lissafi, don nan albarka take, nan kuma matsala take.

AKWATI ƊAYA A CIBIYA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Kafin mutum ya zuba kuɗinsa cikin babban kiwo, gara ya ga halin kifin da idonsa. Ƴan cibiyar yaƙi da jahilci, ko ƴan lakwal, ko ƙungiyar masu garka, suna iya haɗa hannu su yi akwati ɗaya na koyo.

Awo: tsawo santimetir 120, faɗi 50, zurfin ruwa 40. Yana cin litir 240, wato bidon 12 na litir 20. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Ke nan nauyin ya fi buhu 2 na gero. Kada a ɗora shi bisa tebur mai rawa. A gina masa dakali daidaitacce. Gilashin ya zama mai kauri, gwani ya haɗa shi. In gilashi ya yi tsada, a gina akwatin da siminti, a sa gilashi gefe ɗaya kawai. In wannan ma bai samu ba, babban baho ko rabin tano wanda bai taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari ba zai yi, sai a riƙa leƙawa ta sama.

Ga matakan:

1. A ajiye akwatin cikin inuwa mai haske. Rana kada ta buge shi kai tsaye.

2. A wanke rairai mai laushi sau da yawa, har ruwan wanki ya fito fari. Ba sabulu. A shimfiɗa shi, kaurin yatsa uku.

3. A sa fasasshen tulu biyu ko uku a kusurwa, don mata su sami maɓuya.

4. A zuba ruwa. Ruwan rijiya na da kyau. In na famfo ne mai warin magani, a bar shi a buɗe kwana 2 tukuna.

5. A nemi iri ta hannun ma'aikatan ruwa da gandun daji. Namiji 1, mata 3, kowane kamar tsawon tafin hannu. A ɗauko su da asuba, cikin sanyi.

6. Kada a juye su gaba ɗaya. A tsoma abin da aka ɗauko su ciki bisa ruwan akwati minti 20, a riƙa ƙara ruwan akwati kaɗan-kaɗan, sa'an nan a sake su.

7. A rufe da raga.

Kashin kifi da ragowar abinci na ruɓewa su zama dafi cikin ruwa. Ido ba ya ganin dafin. Saboda haka kowane mako a ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu, wato bidon 3, daga ƙasa, a zuba sabo. Kada a sake ruwan duka rana ɗaya. Ruwan da aka ɗebe kuwa kada a zubar. Taki ne. A ba zogale ko tumatir.

In an ga mace ta kumbura maƙogwaro, a hana yara buga gilashi. In ta saki ɗiyanta sun yi kwana 4 ko 5, a kwashe su da ƴar raga zuwa wani baho, don manya na cin ƙanana. Abincinsu dusa ce da tunkuza, a daka su yi laushi kamar gari, kaɗan-kaɗan sau 4 a yini.

A sa littafi kusa da akwati. A rubuta ranar da namiji ya yi rami, ranar da mace ta ɗauki ƙwai, ranar da ta sake su, da yawan ɗiyan. Ga karatu, ga lissafi, ga sana'a.

DAGA AKWATI ZUWA GARKA

Akwati na koyo ne, ba na cika tukunya ba. A yankin Dakoro ruwa na da wuya, rijiyoyi na da zurfi. Ba daidai ba ne a ja ruwa da guga don kifi kaɗai, mutane da dabbobi na jira. Inda kiwon ke da riba shi ne inda dama ana tara ruwa don ban-ruwa, kamar garkar da ke da famfo mai aiki da hasken rana da wurin tara ruwa na siminti. Nan ruwa ɗaya zai yi aiki biyu: kifi ya zauna ciki, sa'an nan ya tafi ga shuka da takinsa.

Misali: wurin tara ruwa mai tsawon metir 5, faɗi 3, zurfi 1. Filinsa metir murabba'i 15 ne. Yana cin litir dubu 15, wato tano 75. A sa kifi 3 ga kowane metir murabba'i. Kifi 45 ke nan. In an kula da su wata 6, kowane ya kai giram 200, za a sami kilo 9. Ba dukiya ba ce. Amma miya ce ta kwanaki da yawa, daga ruwan da dama za a ba shuka.

In simintin sabo ne, kada a sa kifi. Ƙarfin siminti na kashe su. A cika, a bar shi mako ɗaya, a zubar, a sake, har sau 3. Kuma wajen ban-ruwa kada a janye ruwan ƙasa da rabi. A sa raga bakin bututu.

BABBAR MATSALA: YAWAN HAIHUWA

Nan ne mutane da yawa suka faɗi. Mutum ya sa maza da mata tare, ya yi ta zuba dusa. Bayan wata 6 ya zo kamu, sai ya tarar da kifi ɗari-ɗari, kowane kamar yatsa biyu. Ba mai saye, ba abin ci. Dalili kuwa: sun haihu, ɗiyan ma sun haihu, abinci da fili suka kasa. Mace kuma ƙarfinta duk ya tafi ga ƙwai da azumin reno.

Magani uku ne.

Na farko, a kiwata maza zalla. Namiji na girma kusan ninki biyu na mace. In kifi ya kai giram 30 zuwa 50, ana iya rarrabewa. A juya cikinsa sama, a duba bayan dubura, akwai ɗan tsiro. Na namiji mai tsini ne, ƙofa ɗaya gare shi. Na mace ya fi faɗi, ƙofa biyu gare shi, ɗaya a gicciye, ta nan ƙwai ke fita. Ɗigon shuni ko tawada na sa a gani sosai. A yi aikin da jiƙaƙƙen hannu, da sauri. A duba sau biyu, don mace ɗaya in ta kuɓuce ta isa ta cika wurin.

Na biyu, a sa tarwaɗa kaɗan, kamar 1 ga karfasa 10, ta riƙa cinye ƙananan. Amma tarwaɗar kada ta fi karfasar girma ranar da aka sa ta.

Na uku, a riƙa kwashe ɗiyan da raga kowane mako biyu, a sayar wa mai son iri.

Wurin haihuwa dabam, wurin girma dabam. Wannan ita ce doka.

ABINCI

Karfasa ba ta da zaɓe. Tana cin dusar gero da ta dawa da ta shinkafa, da tunkuza, da ganyen zogale, da gara. Dusa kaɗai ba ta gina jiki da sauri. A haɗa kashi 3 na dusa da kashi 1 na tunkuza.

Awo: giram 3 na abinci ga kowane giram 100 na kifi, a yini. Kifi 45 masu giram 100 kowane, nauyinsu giram 4500. Abincinsu giram 135 ke nan. A raba biyu, hantsi da la'asar, wuri ɗaya kullum. Abin da ba su cinye ba cikin minti 15 ya yi yawa, gobe a rage. Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifi.

Tana kuma tace koren ruwa, ta ci ƙananan tsirrai da ke cikinsa. Ɗan kashin kaji cikin buhu, a rataye cikin ruwa, yana sa ruwa ya yi kore. Ga gwaji: a tsoma hannu har gwiwar hannu. In ana ganin tafi ƙarara, taki ya kasa. In tafi ya ɓace daidai nan, ya isa. In ya ɓace tun a wuyan hannu, ya yi yawa, a fitar da buhun, a ƙara ruwa. Wannan na garka ne, ba na akwatin gilashi ba.

SANYI, ZAFI DA MAƘIYA

Ɗari: karfasa kifin zafi ce. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa na sanyi da dare. In ya sauka ƙasa da digiri 20, haihuwa ta tsaya, ci ya ragu. In ya kai 11 ko 12, mutuwa ce. Ƙaramin ruwa ya fi babba saurin sanyi. A rufe da zana ko leda da dare, a buɗe da hantsi. A rage abinci. Kada a kama su ko a ɗauke su cikin ɗari.

Bazara: a Afrilu da Mayu a yi rumfa ta rufe rabin ruwan. Digiri 42 na kashe ta.

Iska: kifi ma numfashi yake yi, da iskar da ke narke cikin ruwa. Da asuba iskar ke ƙaranci. In an ga kifi sun taso sama suna buɗe baki, a tsai da abinci, a ƙara sabon ruwa, a riƙa ɗiba da ƙwarya ana zubawa daga sama.

Dafi: maganin ƙwarin wake da na garka na kashe kifi nan take. Kada a wanke famfon feshi kusa. Kada a yi wanki da sabulu ciki.

Ɓarayi: zalɓe, guza, kwaɗi da maciji. A yi shinge, a ja igiyoyi ko raga a sama. Shingen kuma na tsare ƙananan yara daga faɗawa.

Lafiyar mutane: ɗiyan karfasa na cin tsutsar sauro, wannan alheri ne. Amma a tsince duk katantanwar da aka gani, a hana wanka da fitsari ciki, don ta nan tsargiya ke yaɗuwa.

DARASIN TABKIN BIKTORIYA

Tabkin Biktoriya na da dangin karfasa kimanin iri 500. Cikin shekarun 1950 aka kawo giwan ruwa aka saka ciki, don a sami babban kifin sayarwa. Dā ma babu shi a tabkin. Shekaru suka wuce shiru. Cikin shekarun 1980 sai ya yi yawa, ya bi ƙananan kifaye da ci. Masana sun ƙiyasta iri wajen 200 suka ɓace. Abin da ya ɓace kuwa ba ya dawowa.

Giwan ruwa ba mugu ba ne a gidansa. Kai shi inda ba nasa ba shi ne kuskuren. Saboda haka kada kowa ya zuba baƙon kifi cikin tabkin gari da ra'ayin kansa, ko na kallo, ko na ci. A shawarci ma'aikatan ruwa da gandun daji tukuna.

A TUNA

Rairai mai laushi. Ruwa mai tsabta da ɗumi. Fili isasshe. Abinci da awo. Maza dabam, masu haihuwa dabam. A fara da kaɗan, a rubuta abin da aka gani, sa'an nan a faɗaɗa. Sannu ba ta hana zuwa. Allah shi ba da sa'a.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A CIBIYA

1. Ina karfasa ke ajiye ƙwanta, kuma kwana nawa?

2. Don me kifin mai haɗa maza da mata ba ya girma?

3. Akwati na cin bidon 12. Ana sake kashi ɗaya cikin huɗu kowane mako. Bidon nawa ke nan cikin mako 8?

4. Wurin tara ruwa na da tsawon metir 6, faɗi 4. Ana sa kifi 3 ga metir murabba'i. Kifi nawa zai ɗauka?

5. A garin nan, wace garka ce ke da ruwan da zai iya yin aiki biyu?